Mai zane gaskiya yake faɗa, ko abin da mai kuɗi yake son gani?

Abba Mai Zane:
Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai wata magana da take ta cina tun jiya nace bari in kawo ta nan tunda akwai manya a ciki. Ni a ganina in ka ɗauki tarihin sassaƙa da zane na Turai tun daga Girkawa har zuwa lokacin da kyamara ta fito, abu ɗaya suke ta nema, wato su fitar da mutum sak yadda Allah ya halicce shi. Ku duba mutum-mutumin samarin Girka na farko, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a sandare suke, hannu manne da cinya, ƙafar hagu a gaba, irin na Masar sak don daga can suka koyo. Sai wajen 480 wani ya sassaƙa yaro ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ƙugunsa ya ɗan karkace yadda kowa yake yi in ya daɗe a tsaye, yaron yana nan har yau a gidan tarihi na Akrofolis a Atens. Daga nan kuma sai gaba sai gaba har aka zo kan su Rembrandt mai zanen Holan da zaka ga fatar tsoho kamar ka taɓa. To ni ci gaba nake gani, kowane ƙarni ya fi na baya iya fitar da kama. Wani abokina yace ba haka bane amma ya kasa yi min bayani. Me kuka gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Abba tambayarka mai kyau ce amma ni ina bayan abokin naka. Kafin ka tambayi wa ya fi iya fitar da kama, fara tambaya wa ya biya kuɗin aikin, kuma me yake so a gani. Girkawan da ka fara da su ba kamar wani mutum suke nema ba. Polykleitos da ya yi saurayin nan mai riƙe da mashi wajen shekara 440 har littafi ya rubuta a kan awo, kai kaza ne na tsawon jiki, hannu kaza, wato jikin da babu mai irinsa a garin yake ƙerawa. Rumawa kuma a ƙarshen zamanin jamhuriya sai suka koma sassaƙa tsofaffi da sanƙo da yamutsattsiyar fata da kumatu a lotse, mutum sai ya ce yauwa ga gaskiya ta zo. Amma dalilinsu shi ne a majalisar Rum tsufa daraja ce, dattijo yana so a ga wahalar da ya sha wa ƙasa a fuskarsa, don haka mai sassaƙa yana iya ƙara masa layi biyu a goshi ma ya ji daɗi. Sai Agustus sarkin Rum na farko ya hau mulki aka juya. Mutumin nan yana da shekara 75 ya mutu a shekara ta 14 bayan haihuwar Annabi Isa, amma ka nemo min mutum-mutuminsa guda da ya nuna shi tsoho. Har ya mutu saurayi ake sassaƙa shi, alhali Suetonius da ya rubuta tarihinsa ya ce haƙoransa ƙanana ne marasa kyau, kuma takalmi mai tudu yake sawa don a ga ya fi haka tsawo. Ashe ba iyawa ce ta ragu ba, mai gida ne ya canja abin da yake so.

Sadiya:
Malam ni abinda yake bani mamaki shine yadda duk farare ne tas, ido ma babu baƙi a ciki, wlh tsoro suke bani in na gani a hoto

Anti Rabi:
Sadiya ƙanwata ai ba farare bane asalinsu. Fenti ake musu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, gashi da ido da leɓe da zanen riga duk da launi. Ruwa da rana da zama cikin ƙasa na shekaru dubu biyu ne suka wanke, wasu kuma waɗanda suka tono su ne suka goge ragowar da hannunsu don sun ɗauka datti ne. Akwai wata budurwa ta dutse a Atens ta wajen shekara 530, har yanzu ana ganin jan fenti a gashinta. A 2003 wani masani Bajamushe Vinzenz Brinkmann ya yi baje koli a Munich na kwafin waɗannan gumaka da launinsu na asali, bayan ya bi su da fitila ta musamman yana gano burbushin fentin, mutane da yawa ransu bai so ba don sun saba da farin. Wanda ya dasa wa Turawa son farin nan kuwa Winckelmann ne da littafinsa na 1764, shi ya koya musu cewa farin marmara shi ne ƙarshen kyau.

Kuma yawancin abinda kike gani a hoto ma ba aikin Girkawan bane, kwafi ne da Rumawa suka yi da dutse. Na asalin da tagulla aka zuba su, tagulla kuwa ana narkar da ita a yi makami ko kuɗi ko ƙararrawar coci, shi yasa kusan duk suka tafi. Waɗanda suka tsira da yawansu waɗanda jirgi ya nitse da su ne. A 1972 wani mai ninƙaya ya ga hannu ya leƙo daga yashi a ƙarƙashin teku kusa da Riace a kudancin Italiya, aka ciro mayaƙa biyu na tagulla kowanne kusan mita 2, leɓensu na jan ƙarfe, ɗaya haƙoransa na azurfa, ido kuma an dasa musu na dutse. In kika ga waɗannan zaki san Girkawa basu taɓa nufin ido ya zauna fari ba.

Malam Habu:
Haka ne Hajiya. Shi ma mutum-mutumin tagulla na sarki Markus Oriliyus da yake kan doki a Rum abin da ya hana a narkar da shi an ɗauka Kwanstantin ne, sarkin da ya karɓi addinin Kirista.

Ɗan Kumasi:
To ni tambayata daban ce, kayan Girka me suke yi a Landan? Naji ance rabin duwatsun da suka rage na Fatenon, tsohon ɗakin bautar nan na Atens, suna can

Anti Rabi:
Suna nan kuwa, ɗaki guda dogo aka ware musu a gidan tarihin Birtaniya. Lord Elgin jakadan Ingila a Santambul shi ya sa aka ɓamɓaro su daga 1801, lokacin Girka tana hannun daular Usmaniyya, gwamnatin Ingila ta saya daga hannunsa a 1816. Girkawa sun gina sabon gidan tarihi a 2009 sun bar gurbin kowane dutse da yake Landan. A gini ɗaya da su kuma in ka sauka ƙasa ga tagullar Benin da sojan Ingila suka kwaso a 1897, wlh ranar da na tsaya gabansu sai da zuciyata ta yi nauyi.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko kuma ba zan yi shiru ba. 'Yan'uwa mu ji tsoron Allah, abin nan da ake ta yabo gumaka ne, da yawansu bauta musu ake yi, wasu kuma tsirara suke haihuwar uwarsu, daga baya ma har Annabawan Allah suka riƙa sassaƙawa da zanawa. Hadisai a kan masu yin surar abu mai rai sanannu ne kuma ingantattu ne suna cikin Bukhari da Muslim. Ban ce kar a san tarihi ba amma Abba kai da kake karatun wannan fanni ina jiye maka tsoro.

Abba Mai Zane:
Na gode Ustaz, Allah ya saka da alheri, kuma wlh nima abin yana damuna ba wai baya damuna ba. Ni dai bana sassaƙa, kuma maganar Annabawa wannan ko kusa. Amma fannin ne sai ka san abinda aka yi a baya

Malam Habu:
Allah ya gafarta malam, maganarka tana kan hanya kuma ba zan ja da kai a hukunci ba, wannan fagenku ne. Abin da zan ƙara na tarihi ne, su kansu Kiristocin Turai sun zubar da jini a kan wannan mas'ala. A daular Rum ta gabas, tun wajen shekara 730 zamanin sarki Leo na uku aka hana hotunan coci, aka farfasa su aka shafe bango da farar ƙasa, hujjarsu kuwa ita ce dokar Attaura da ta hana yin gunki. Taron malamansu na Nikiya a 787 ya dawo da hotuna, aka sake hanawa a 815, ba a gama rigimar ba sai 843. Bayan shekara ɗari bakwai kuma ta sake tashi, a 1566 'yan Furotesta, wato Kiristocin da suka ɓalle daga cocin Katolika, a ƙasashen da yau ake kira Holan da Beljiyam suka bi coci-coci da guduma da igiya suna tumɓuke gumaka. Kuma wannan ya shafi tambayar Abba kai tsaye, domin da cocin Holan ya daina sayen zane sai masu zane suka rasa babban mai ba su aiki, dole suka koma wajen 'yan kasuwa, ɗan kasuwa kuwa me zai ce a zana masa in ba fuskarsa da ta matarsa da kayan ɗakinsa ba. Yawan hotunan fuska da ka gani a Holan a ƙarni na 17 daga nan wani ɓangarensa ya samo asali.

Ustaz Nura:
Wannan na 730 ban taɓa ji ba. Ashe su ma akwai waɗanda suka gane a cikinsu.

Ɗan Maraɗi:
Malam Habu ranka shi daɗe, amma hwa akwai sarkin Musulmi da ya kira Bature ya zana shi. Sultan Muhammadu Fatih wanda ya ci Santambul a 1453, da ya yi sulhu da mutanen Benis a 1479 sai ya ce su aiko mai da gwanin zane, suka aiko Gentile Bellini, hoton ga shina ɗauke da kwanan wata na Nuwamba 1480, sarki da rawani hwari da dogon hanci, shina Landan yanzu. Ana cewa ɗanshi Bayazid da ya gaje shi bai son abin ga, ya sa aka kai hotunan kasuwa aka saida. Kun ga gida guda uba da ɗa kowa da ra'ayinshi.

Abba Mai Zane:
To Malam mu koma kan maganata dan Allah. Na ji batun mai biya. Amma tsakanin faɗuwar Rum da wajen 1300 ai kowa ya san zanen ya koma baya, mutane a shafe kamar an danne su, jariri da fuskar tsoho, babu nisa babu kusa. Sai Giotto ya zo a wajen 1305 a cocin nan na Padua ya zana mutane masu nauyi a jiki suna kuka na gaske, sai Brunelleschi ya gano lissafin yadda abu yake ƙanƙancewa in ya yi nisa, Alberti ya rubuta shi a 1435. Wannan in ba ci gaba ba mene ne?

Malam Habu:
Dabara ta ƙaru, wannan ban musa ba. Kuma ka ƙara da cewa ilimin gani da suka dogara da shi akwai hannun Ibnul Haisam a ciki, littafinsa na Manazir an fassara shi zuwa Latin, Ghiberti mai sassaƙa na Fulorens ya kwaso daga cikinsa sosai a rubutunsa. Inda muka rabu shi ne cewa da ka yi na tsakiyar sun kasa. Mai zana bangon coci a shekara ta 1100 ba ɗakin da kake zaune yake son nuna maka ba, lahira yake son nunawa, shi ya sa bayan hoton zinariya ce zalla, babba a daraja shi ne babba a jiki ko da yana nesa. In kana so ka san ba a kan layi ɗaya abin yake tafiya ba, nemi hotunan Fayyum. A Masar ne zamanin mulkin Rum, ƙarni na 1 zuwa na 3, ana zana fuskar mutum a kan ɗan katako da kakin zuma mai launi a ɗaura a kan gawarsa. Kusan 1000 aka samu. Ka ga matashi da gemu bai gama fitowa ba, mace da 'yan kunne da gira a haɗe, suna kallonka ido cikin ido. Wannan shekara dubu da ɗoriya ne kafin Giotto. An iya, aka daina buƙata, aka sake buƙata.

Anti Rabi:
Bari in shigar wa Abba kaɗan don kar a yi masa taron dangi. Akwai abinda man fenti ya kawo wanda babu shi a da, wannan sai ka tsaya gaban aikin zaka yarda. A da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa launi da ita, tana bushewa nan take, sai dai ka yi ta jan ƙananan layuka. Mai kuwa yana daɗewa bai bushe ba kuma zaka iya shafa shi siriri-siriri wani kan wani haske yana ratsawa. Hoton Arnolfini da Jan van Eyck ya yi a 1434 yana nan Landan, ƙarami ne fa, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, in baka lura ba sai ka wuce shi. Ɗan kasuwa ne mutumin Lucca ta Italiya da yake zaune a Bruges, yana tsaye da mace cikin ɗaki ya riƙe hannunta. Ni ba fuskokin bane suka tsayar dani. Takalman katako ne da aka tuɓe a gefe har da ɗan datti a jikinsu, da lemo a bakin taga, da ɗan kare da zaka iya ƙirga gashinsa, fitilar tagulla a sama kyandir ɗaya ne kawai yake ci, ga carbi na rataye a bango kowane ƙwaya da ɗigon haskenta da inuwarta. A tsakiya akwai madubi mai ƙumbo wanda bai fi tafin hannu ba, a ciki kana ganin bayan mutanen biyu da ɗakin gaba ɗaya a lanƙwashe da wasu mutum biyu suna shigowa ta ƙofa. Saman madubin ya rubuta a bango cewa Jan van Eyck ya kasance a nan, 1434. Babu Bagirke ko Barume da ya bar mana irin wannan.

Malam Habu:
Hajiya ban ƙi ba, amma ki sake duba abin da kika lissafa. Lemo a Bruges a 1434 daga kudu ake kawo shi da tsada, rigar matar yadi nawa ta ci, gashin dabba a bakin rigar mijin, fitilar tagulla, madubi. Lissafin dukiyarsa aka zana masa. Shuɗin fentin da ya fi kowanne tsada a lokacin daga dutsen lazward ake niƙa shi, daga Badakshan ta Afganistan, har a takardar yarjejeniya mai ba da aiki yakan rubuta irin shuɗin da za a sa da kuɗinsa, don duk wanda ya kalla ya san an kashe kuɗi. Mai zanen fada da makaɗin fada aikinsu ɗaya, kowanne ya san abin da zai ɗaga da abin da zai yi shiru a kai, kuma gwani a cikinsu shi ne wanda zai yi yabon ba tare da ya yi ƙarya ƙarara ba.

Ɗan Maraɗi:
Wanga zance na Malam ya tuna min Holbein. Sarkin Ingila Henry na takwas ya aike shi a 1539 ya zano mai Anne ta Cleves don ya ga ko za ya aure ta. Hoton shina gidan tarihi na Luvur a Paris na gane shi da idona, ya zana ta tana kallon gaba sak, ido a ƙasa kaɗan, hannuwa a haɗe, kuma rabin aikin duk a kan tufafi ya tahi, jan karan-miski da zinariya da duwatsu. Sarki ya gani ya yarda, da ta iso ya ce sam bata yi mai ba. An ɗaura aure Janairu 1540 an warware shi Yuli, Thomas Cromwell wazirin sarki da ya haɗa abin aka sare mai kai a wannan watan. Holbein kuwa ba abin da ya same shi ya ci gaba da aikinshi.

Sadiya:
Allah sarki baiwar Allah. To ita Mona Lisa fa, Yaya Abba meye abin da yasa duniya take ta rububinta, ni dai na kalla na kalla banga komai ba

Abba Mai Zane:
Aikin akwai gwaninta Sadiya, duba gefen bakinta da gefen idonta babu layi ko ɗaya, Leonardo ya narkar da inuwa cikin haske ne har baka san inda ɗaya ya ƙare ba, shi yasa murmushin yake kamar yana motsi. Matar wani ɗan kasuwar siliki ce a Fulorens, ya fara wajen 1503 kuma bai taɓa kai wa mai shi ba, ya tafi da abinsa Faransa ya mutu can a 1519

Ɗan Maraɗi:
Amma rububin ga sata ta ƙara shi. A Agusta 1911 wani ɗan Italiya Vincenzo Peruggia da ya taɓa aiki cikin Luvur ya ɗauke ta ya ɓoye shekara biyu, jaridun duniya duka suka yi ta buga hoton, sai Disamba 1913 aka kama shi a Fulorens za ya saida. Ƙarama ce, santimita 77 a 53, a bayan gilashi, kuma taron da ke gabanta baya barin ka tsaya.

Maman Hanif:
Ni tun ɗazu ina karantawa ban ji sunan mace ko ɗaya a masu zanen ba, sai dai a zana su. Babu ne?

Anti Rabi:
Akwai Maman Hanif, an dai toshe musu hanya ne, ba a barinsu shiga inda ake koyon zanen jiki, yawancin waɗanda suka fito sai in uban mai zane ne ko mai hali. Sofonisba Anguissola ta tafi fadar Filibus na biyu na Sifaniya a 1559, wasu ayyukanta an daɗe ana jingina su ga maza. Artemisia Gentileschi a ɗakin aikin babanta ta koya. Vigee Le Brun kuma ita ce mai zana sarauniya Marie Antoinette, da juyin juya hali ya tashi a 1789 sai da ta gudu daga Faransa.

Abba Mai Zane:
Malam to ga inda nake ganin maganarka bata kai ba. Rembrandt. Wa ya biya shi ya zana kansa yana tsufa? Ya yi ta zana fuskarsa tun yana saurayi har shekarar da ya mutu, na fenti kaɗai sun kai wajen 40

Anti Rabi:
Biyu daga ciki suna Landan kuma in ka gansu a rana ɗaya jikinka sai ya yi sanyi. Na 1640 yana da shekara 34, ya jingina hannu a kan dakali, riga mai gashin dabba, hula a karkace, yana kallonka irin kallon wanda garin yake hannunsa. Na 1669 yana da 63, tsakanin nan matarsa Saskia ta rasu a 1642, ya karye a 1656 aka yi gwanjon gidansa da kayansa, ɗansa Titus ya rasu a 1668. Ya haɗa hannuwa a gaba, rigar ba a ma gama fitar da ita ba, duk fentin a fuska ya tara shi, da kauri, in ka matso kusa sai ka ga gurbin burushi a goshi da kan hanci, fatar ƙarƙashin ido ta saki, bai ɓoye komai ba kuma baya neman ka tausaya masa. Watanni kaɗan bayan nan ya mutu aka binne shi a kabarin da ba suna.

Malam Habu:
Wannan na ba ka shi Abba, a nan mutum ne shi da madubi. Sai dai ka lura ya fi faɗin gaskiya a inda babu mai biya, wannan kuwa maganata yake ƙarfafawa. Je ka duba waɗanda ya yi na kuɗi. Babban hoton nan na 'yan sintirin Amsterdam na 1642 karo-karo suka yi, kowa wajen gilda 100 na kuɗin Holan, wanda ya fi fitowa ya fi biya.

Ɗan Kumasi:
Kuma a tambayi inda kuɗin Amsterdam ɗin ya fito. Mu nan Gana muna da ganuwar Elmina a bakin teku, mutanen Holan sun ƙwace ta daga hannun Fotugal a 1637, duk wanda ya shiga ɗakunan ƙasan nan da ake tara bayi bazai manta warin wurin ba. Rembrandt ya zana wani ango da amarya a 1634, Marten da Oopjen, tun daga kai har ƙafa cikin baƙin siliki da leshi, baban angon matatar sukari gareshi a Amsterdam, raken kuwa bayi ne suke nomawa a Brazil. A 2016 Faransa da Holan suka haɗa kuɗi yuro miliyan 160 suka sayi hotunan biyu. Waɗanda suka sare raken ko sunansu babu. In baƙar fata ya fito a irin hotunan nan yawanci yaro ne a gefe yana riƙe da lema ko tire yana kallon uwar ɗakinsa

Anti Rabi:
Yawanci haka ne ɗan'uwa, shi yasa guda biyu suke da girma a wajena. Na farko Juan de Pareja, bawan Velazquez mai zanen fadar Sifaniya ne, shi yake niƙa masa launi. A Rum a 1650 kafin Velazquez ya zana Fafaroma sai ya fara zana Pareja, ya tsaya ya ɗago kai da farin kwala a wuya, hannun rigarsa a ɗan yage a gwiwar hannu, yana kallon mai kallo kai tsaye ba alamar rusunawa. A ƙarshen shekarar Velazquez ya sa hannu a takardar 'yanta shi amma da sharaɗin ya ƙara shekara 4 yana masa aiki. Daga baya shi ma ya zama mai zane, akwai babban aikinsa na 1661 a gidan tarihi na Prado a Madrid inda ya sa kansa a gefen hagu riƙe da takarda mai sunansa. Hoton da Velazquez ya yi masa kuwa an sayar a Landan a 1970 sama da fam miliyan 2, yana New York yanzu.

Na biyun Ustaz kai nake so ka ji. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani ne ɗan malamai daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau. Ya je bakin kogin Gambiya fatauci, kuma a faɗi gaskiya har da bayi ya kai sayarwa, a hanyar komawa aka kama shi shi ma aka sayar, ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland ta Amurka a 1731. Ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun wani babban Bature a Landan, aka fanshe shi aka kawo shi Ingila a 1733. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau 3. Abokansa suka nemi William Hoare ya zana shi, da farko ya ƙi, sai da suka ce don su riƙa tunawa da shi ne in ya tafi. Ya ce to sai dai a zana shi da kayan ƙasarsu ba na Turawa ba. Mai zane yace ai bai taɓa ganin irin kayan ba sai dai a kwatanta masa. Thomas Bluett wanda ya yi tafiya da shi ya rubuta labarinsa a 1734, ya ce a nan Ayuba ya tambaye su, in ba za ku iya zana rigar da baku taɓa gani ba, yaya wasunku suke ƙarfin halin zana Allah wanda babu wanda ya taɓa ganinsa. A hoton yana sanye da farar riga da farin rawani da jar hula a tsakiya, ga Alƙur'ani cikin jar fata rataye a wuyansa ya sauko ƙirji.

Ustaz Nura:
Allahu Akbar. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah. Ina nan a kan abin da na faɗa game da hukunci, kuma kun ga shi ma da farko ƙi ya yi. Amma tambayar nan da ya yi musu a cikin garinsu, yana baƙo wanda bai daɗe da fita daga bauta ba, ta isa.

Abba Mai Zane:
Malam ka ga nan ba mai kuɗin bane ya zaɓi abinda za a gani, wanda ake zanawa ne ya kafa sharaɗi

Malam Habu:
Shi ya kafa, kuma ka ƙirga irinsa nawa ne a cikin shekara dubu biyu da muka zagaya yau.

Ɗan Kumasi:
Anti ya koma gida kuwa? Kuma hoton yana ina yanzu

Anti Rabi:
Ya koma a 1734, ya tarar mahaifinsa ya rasu. Hoton ya daɗe a hannun wani iyali a Ingila ba a san da shi sosai ba sai a 2009 da aka kai shi gwanjo, hukumar gidajen tarihi ta Qatar ta saya. Gwamnatin Birtaniya ta dakatar da fitar da shi daga ƙasar, aka yi ta tara kuɗi don a riƙe shi, daga baya a 2011 aka daidaita a kan Qatar ce mai shi amma ta bada aronsa ga gidan hotunan fuska na ƙasa da yake Landan. A can na ganshi.